Tsamin nono ba ya kashe kowace cuta

Babu nono sai da bakteriya. Duk mai son yanke hukunci a kan ƙwaryar da Bafillatana ke ɗaukowa daga ruga, daga nan ya kamata ya fara. Madarar da aka tatso da safe ba ta da tsami, ba ta da kauri. Abin da ke mayar da ita kindirmo kafin gari ya sake wayewa wasu halittu ne masu rai da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Laktobasilus da Laktokokus da Sitireftokokus da danginsu, tare da wasu nau'o'in yis. Suna cinye sukarin da ke cikin madara su fitar da tsami. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, sabuwar madara tana wajen 6.7. Idan ta sauko kusan 4.6 sai furotin ɗinta ya dunƙule, ta yi kauri ta kama jikinta. Ɗan ragowar nonon jiya da mace ke zubawa cikin sabuwar madara, ko wanda ya maƙale a jikin tsohuwar ƙwarya, shi ne irin da take shukawa.

Turawa ba su daɗe da gane wannan ba. A shekarar 1878 ne likitan Ingila Joseph Lister ya ware bakteriya guda daga cikin madara mai tsami ya rene ta ita kaɗai, kuma shi ne karo na farko da aka yi wa wata bakteriya haka. A 1905 wani ɗalibi ɗan ƙasar Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano wadda ke yin yogot ɗin ƙasarsu. Matan ruga kuwa sun shekara ɗaruruwa suna kiwon waɗannan halittu daga ƙwarya zuwa ƙwarya, uwa ta miƙa wa 'ya. Hikima ce babba. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ɗanyar madara ba ta wuce 'yan awoyi, amma idan ta yi tsami sai ta kwana ta wuni, domin yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa jure tsami. Manya da yawa da madara ke kumbura wa ciki suna shan nono lafiya lau, saboda bakteriya sun riga sun rage sukarin da cikinsu ba ya iya narkarwa.

Shi ya sa ba na tare da masu yi wa nonon Fulani kuɗin goro, su ce ƙazanta ce, a bar shi a koma yogot na roba. Abinci ne mai gina jiki da talaka ke iya saye, kuma da kuɗinsa mata masu ɗimbin yawa ke riƙe gidajensu. Amma son da nake yi masa ne ya sa nake cewa mu daina yaudarar kanmu da cewa tsami wuta ne. Akwai ƙwayoyin cutar da tsami ke kashewa, akwai waɗanda yake ragewa a hankali, akwai kuma waɗanda ba su damu da shi ba. Abin da nake kira a kai ƙarami ne: a tafasa madara da wuri kafin a sa ta kwana, kuma kada wani ruwa ya shiga cikinta bayan haka sai wanda aka tabbatar da tsabtarsa.

A Suratun Nahli, aya ta 66, Allah ya ambaci nono da yake fitarwa daga tsakanin tumbi da jini, tsantsa, mai daɗin haɗiya ga masu sha. Binciken masana ma ya nuna cewa daga hantsar saniya mai lafiya madara tana fitowa kusan babu komai a cikinta. Matsalar ita ce ba kowace saniya ce mai lafiya ba, kuma tsakanin hantsa da bakin mai sha akwai tafiya mai nisa.

Mu fara da saniyar kanta. Makiyaya sun san bakkale: saniya ta yi ɓari bayan cikinta ya tsufa, mahaifa ta maƙale, gwiwa ta kumbura ta tara ruwa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne ƙwayar wannan cuta tana bin madara ta shiga jikin mutum. A tsibirin Malta aka fara gano ta, inda wani zazzaɓi ya addabi sojojin Birtaniya. Likitan soja David Bruce ya ga ƙwayar a 1887, shi ya sa ake kiranta Burusela. Amma an ƙara shekara goma sha takwas ba a san ta inda take shigowa ba, sai a 1905 da wani likita ɗan Malta, Themistocles Zammit, ya gano cewa awakin da ake zagayawa da su gida gida ana tatsa su ne ke ɗauke da ita, alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Da aka hana sojoji shan ɗanyar madarar akuya, sai cutar ta kusan ɓacewa daga barikinsu.

A jikin mutum cutar tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya ya dawo, gumi da dare, ciwon baya da gaɓoɓi, kasala da rama. Duk wanda ya san yadda ake jinya a ƙasar nan ya san me zai biyo baya. Za a ce maleriya ce, a sha magani. Ba ta tafi ba, a ce taifod ce, a yi allurai. Ta lafa ta sake dawowa, a koma ga masu magani na gargajiya, a ce shawara ce ko sammu. Alhali maganinta na gaskiya shi ne haɗa magunguna iri biyu a sha har tsawon mako shida, kuma likita ba zai rubuta su ba sai ya yi zargin cutar tun farko. Likitoci nawa ne a asibitocinmu ke tambayar mai zazzaɓi ko yana shan nonon da ba a tafasa ba, ko yana taimakon shanu wajen haihuwa?

Ta biyu ita ce tarin fuka na shanu. Ƙwayarsa 'yar'uwar ta mutane ce, amma idan ta shigo ta hanyar madara sau da yawa ba huhu take fara kamawa ba, sai ƙululun wuya ko hanji, musamman a jikin yara. Gwajin majina da aka saba yi ba ya bambance ta da ta mutane, kuma ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake fara ba mai tarin fuka, wato firazinamid, ba ya aiki a kanta sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum 147,000 ne suka kamu da tarin fukar da ke fitowa daga dabbobi, 12,500 suka mutu, kuma Afirka ce ta fi kowa ɗaukar nauyin. Birtaniya ma ta sha wannan wahala: a shekarun 1930 tana rasa wajen mutum 2,500 duk shekara ta dalilinsa, har sai da dafa madara da gwajin shanu suka zama ruwan dare. An gwada an gani cewa wannan ƙwaya da ta bakkale suna iya rayuwa kwanaki a cikin nono mai tsami. Daren ɗaya da kindirmo ke yi a ƙwarya bai isa ya gama da su ba.

Na san amsar da ake bayarwa, domin ita ce a bakin kowa: kaka da kakanni da shi suka tashi, me ya same su? Wasunsu abu ya same su. Sun yi jinya, sun binne yara, ba a dai sa wa cutar suna ba. Ban da haka, nonon da suka sha ba irin tafiyar na yau ya yi ba. A da ruga tana bayan gari, mace ta tatsi shanun gidansu, ta kawo a ƙwaryar da ta wanke ta shanya a rana. Yau gari ya faɗaɗa, rashin tsaro da ƙarancin makiyaya sun tura rugage nesa, sai a tara madarar garke da yawa a jarka ɗaya, a ɗaura a babur ko a mota, a yi awoyi cikin rana. Saniya ɗaya mai cuta ta isa ta gurɓata jarkar duka. Ita kanta jarkar bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga ya goge cikinta, maiƙo yana taruwa a lungunanta. A irin ɗumin nan wasu ƙwayoyin suna ninka kansu duk bayan minti 20, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ma ta canza.

Sai dai a ganina babbar ƙofar cuta ba saniya ba ce, ruwa ne. Da rani idan nono ya yi ƙaranci ana ƙara masa ruwa, a sa garin kuka ya dawo da kauri da tsami. Kuka ba cuta ba ce. Tambayar ita ce daga ina ruwan ya fito. Sau da yawa daga rafi ne ko kududdufin da shanu ke sha suna kashi a ciki, kuma da shi aka wanke hannun tatsa da ƙwarya da maburgi. Idan aka iso gari sai a jefa ƙanƙarar da babu wanda ya san da wane ruwa aka yi ta. Ludayi ɗaya ya zagaya bakin mutum goma, ana ɗauraye shi a bokitin da tun safe ba a canza ruwansa ba. Furar ma da hannu aka cura ta, da hannun aka karɓi kuɗi. Duk abin da ya shiga a wannan mataki ya shiga ne bayan tsami ya gama aikinsa, minti kaɗan kafin a sha. Ta nan taifod da kwalara da ƙwayar Salmonela ke samun hanya. Akwai kuma wani nau'in ƙwayar Ikolai mai lamba O157 da ke zaune a hanjin shanu ba ya cutar da su, yana jure tsami ƙwarai, kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa gudawa da jini, wani lokaci ya lalata ƙodar yaro. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa gurɓataccen abinci, kowane iri, yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe 137,000. A duniya baki ɗaya kuwa yara 'yan ƙasa da shekara biyar 125,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara.

Ba na ɗora wa mai tallar nono laifin wannan ita kaɗai, kuma ba na son a ɗora mata. Ruwan da take zubawa a nono shi take sha, shi take ba 'ya'yanta. Ba za ka umarci mace da tsabta ba alhali rijiya mafi kusa da ita tafiyar awa guda ce.

Masu gudu zuwa yogot na roba su ma kada su saki jiki. Rufaffen murfi ba shaidar tsabta ba ne. A garuruwanmu ana yin yogot a ɗakuna da shaguna da madarar gari da ruwan da aka samu, wani da rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC wani babu, sannan a zuba a firjin da wuta ke zuwar masa jefi jefi. Abin da ya faru a Japan a shekarar 2000 ya isa darasi. An ɗauke wuta na kusan awa uku a wata masana'antar kamfanin Snow Brand da ke tsibirin Hokkaido, madara ta zauna cikin ɗumi, ƙwayar Istafilokokus ta hayayyafa ta zuba dafinta. Daga baya an dafa madarar aka mayar da ita gari. Ƙwayar ta mutu, dafin bai mutu ba, domin zafi ba ya lalata shi. Mutum fiye da 13,000 suka kwanta da amai da gudawa. Wannan ƙwaya a fatar mutum da hancinsa take zaune, tana kuma cikin masu haddasa ciwon hantsa ga shanu. Shi ya sa na ce a tafasa da wuri. Madarar da ta wuni a rana, ko an tafasa ta da yamma ba lallai ta kuɓuta ba.

Firji ma ba komai yake hanawa ba. Ƙwayar Listeriya tana hayayyafa cikin sanyi, kuma mata masu ciki ta fi yi wa illa. A 1985 a yankin Los Angeles na Amurka, wani cuku mai laushi da ɗanyar madara ta shiga cikinsa ya kwantar da mutum 142, aka rasa rai 48, da yawansu jarirai ne da 'yan tayi.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba. Makiyayi ya sayi maganin allura mai kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa ya yi wa saniya yau, gobe da safe a tatse ta a kai gari. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da ya kamata a jira kafin a sha nonon, amma da Turanci ko Faransanci, da ƙananan haruffa, kuma mai sayarwa bai faɗa masa ba. Ragowar maganin da ke cikin madara tafasawa ba ta tabbatar da cire shi. Yana kashe bakteriya masu amfani, sai nono ya ƙi kamawa yadda ya kamata, tsaminsa ya yi rauni, kariyar ta ragu. Yana kuma koya wa masu cutarwa jure magani, ranar da yaro zai buƙaci maganin a asibiti ya tarar ba ya ci.

Maganin mafi yawan wannan tsoho ne kuma mai araha. Louis Pasteur na Faransa ya nuna a shekarun 1860 cewa zafi madaidaici yana kashe ƙwayoyin da ke lalata abin sha. Ƙa'idar masana'antu a yau ita ce digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. A ruga babu ma'aunin zafi, kuma ba a buƙatarsa: a ɗora a wuta har ta taso, a sauke, a rufe, ta huce zuwa ɗumin jiki, a zuba ragowar nonon jiya wanda shi ma da dafaffiyar madara aka yi shi. A wurare da yawa mata haka suke yin kindirmo tun asali, don haka ba baƙon abu ake kawo musu ba. Masu cewa wuta tana kashe bakteriya masu amfani sun yi gaskiya, amma ai ragowar jiya ce ke dawo da su, kuma sun fi yin aiki da kyau idan babu abokan gasa. Duk yogot na duniya haka ake yinsa. Masu cewa albarkar madara na tafiya da tafasa su sani cewa wasu bitamin kaɗan ne ke raguwa. Furotin da maiƙo da sinadarin ƙarfafa ƙashi suna nan.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma akwai inda za a duba. Kenya ta daɗe tana korar masu tallar madara a kan keke tana ƙwace musu kaya, alhali a hannunsu yawancin jama'a ke saye. A 2004 ta sauya hanya, ta fara horar da su tana ba su lasisi, suka koma amfani da gwangwanayen ƙarfe masu faɗin baki. Abin da ya taimaki Kenya ƙwarai shi ne kusan kowane gida yana tafasa madara kafin sha. Indiya ta bi ta ƙungiyoyin gama kai, tun daga garin Anand a 1946, aka faɗaɗa tsarin a 1970 ƙarƙashin Verghese Kurien: kowane ƙauye da wurin tara madara safe da yamma, a auna, a gwada, a biya, a sanyaya. Zuwa 1998 ta zarce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara, daga hannun masu saniya biyu ko uku.

Najeriya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi a 2024. Tana da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924, wadda ke yin alluran rigakafi, da cibiyar binciken kiwo a Shika kusa da Zariya. Ilimi bai yi ƙaranci ba. Abin da nake so in gani shi ne ya sauka ƙasa: rijiyar burtsatse a kusa da rugage da kuma kasuwannin da mata ke zama da ƙoren nono, firji mai aiki da hasken rana a wuraren tarawa, gwangwanaye a madadin jarka, rigakafin bakkale ga 'yan maruƙa, gwajin tarin fuka da diyya ga wanda aka ce ya rabu da saniyarsa, domin babu makiyayin da zai kawo dabbarsa gwaji idan ya san asara kawai zai kwasa. A kuma yi bayani a rediyo da Fulatanci da Hausa, da bakin matan da ke sana'ar. Abu ɗaya nake tsoro a tsarin tara wa kamfanoni madara: a al'adar ruga nono na mace ne, kuɗinsa nata ne, amma da zarar kamfani ya zo da rajista da asusun banki sau da yawa sunan maigida ake rubutawa. Tsabtar da za ta raba mace da abin hannunta ba za ta samu goyon bayanta ba, kuma ita ce mai riƙe da ƙwaryar.

Mu masu saye ma da namu. Tafasawa tana cin itace da lokaci, ruwa mai kyau kuɗi ne, nonon da ba a tsinka ba ya fi tsada. Idan muka ci gaba da taya ƙwarya kamar yadda muke taya ta shekara biyar da suka wuce, mu ne muke tura mai nono ga kududdufi. Ka samu mace ɗaya ka riƙe ta, ka tambaye ta cikin mutunci, "Inna, an dafa madarar?", ka biya ƙarin da ta nema, ka karɓi kindirmonka da kaurinsa a cikin mazubinka, ka tsinka a gida da ruwan da ka yarda da shi. Mai ciki, da yaro ƙarami, da tsoho, da wanda jinya ta raunana, kada a ba su nono ko cukun da ba a tabbatar an dafa madararsa ba, ko da daga garken gida ya fito.